Uwargida Da Kwamfuta: Linzami Mai Ƙwallo Da Lafiyar Hannunki

 

Uwargida, ki ɗan tsaya ki lissafa aikin da hannunki yake yi tun daga asuba har zuwa kwanciya barci. Shi ya ja guga a rijiya, shi ya riƙe taɓarya, shi ya tuƙa tuwo, shi ya matse wanki, shi kuma ya ɗaga jariri ya kai baya ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. To yanzu zamani ya ƙara masa wani aikin da iyayenmu ba su sani ba, wato riƙon linzamin kwamfuta, wanda aka fi sani da maus.

Ko a garuruwanmu irin su Masama da Gwandu da Kalgo, kwamfuta ta daina zama kayan kallo. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan a kan kwamfuta. A 2017 hukumar rajistar malamai ta TRCN ta fara tata jarrabawar ita ma a kan kwamfuta. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza ne, kuma matan aure da dama suna karatu daga ɗakunansu, da goyo a baya. Ga malamar firamare ko ta Islamiyya da ke shigar da sakamakon ɗalibai a ƙarshen zango, ga ma'aikaciyar lafiya da ke shigar da alƙaluman wata, ga wadda ta mayar da buga takardu da katin biki sana'arta a cikin gida. Duk waɗannan sukan shafe sa'o'i hannu yana kife a kan linzami. Da yawansu kuma sun fara kukan tsamin wuyan hannu, da ciwon kafaɗa, da minjirya a yatsu idan dare ya yi.

Wannan ya sa na ga ya dace mu tattauna a kan wani irin linzami da aka ƙera don sauƙaƙa wa hannu, wato mai tsaye wanda ke da ƙwallo a jikinsa. Za mu duba abin da yake gyarawa, da wadda ya dace da ita, da wadda zai iya ƙara wa ciwo, domin ba kowane hannu ne yake karɓarsa ba.

Me Ke Sa Hannu Ciwo?

Ga wani ɗan gwaji, ki yi shi yanzu a inda kike zaune. Ki miƙa hannu kamar za ki gaisa da 'yar uwarki, babban yatsa yana sama. Ki lura da yadda hannun yake a sake. Sai ki kife tafin yana kallon ƙasa, kamar kin ɗora shi a kan linzami. Za ki ji wani ɗan ja a naman da ke ƙasa da gwiwar hannu.

Dalili kuwa shi ne, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu akwai dogayen ƙasusuwa biyu. Idan hannu yana a yanayin gaisuwa, suna kwance ne gefe da gefe. Da zarar kin kife tafi, sai ɗayan ya gitta kan ɗayan, nama kuma ya ci gaba da riƙe su a haka. Na minti biyar ba komai ba ne, amma sa'a huɗu kullum, yau da gobe ba ta bar komai ba.

Matsala ta biyu ita ce jan linzami a kan tebur. Mafi yawanmu mukan dasa wuyan hannu a gefen tebur ne, mu riƙa karkaɗa shi dama da hagu. Idan kuma linzamin ya yi nisa da jiki, sai kafaɗa ta ɗauki nauyin hannun gaba ɗaya, ciwon ya hau har wuya.

A cikin wuyan hannu akwai wata 'yar matsattsiyar hanya. Jijiyoyi tara masu jan yatsu kamar igiya suna bi ta cikinta, tare da jijiya ɗaya mai kai saƙon ji zuwa babban yatsa, da manuniya, da na tsakiya, da rabin yatsan zobe. Idan wurin ya kumbura, sai wannan jijiyar ta matsu, mace ta riƙa farkawa cikin dare tana yarfa hannu don yatsun sun mutu. Wannan lalura ta fi kama mata fiye da maza, musamman masu juna biyu, da masu ciwon sukari, da masu ƙiba, da masu matsalar maƙoƙo. Saboda haka kada a ɗora wa kwamfuta laifi ita kaɗai. Sau da yawa takan tarar da hannu a gajiye ne, ta ƙara masa kaya.

Wane Irin Linzami Ne Wannan?

Linzamin da muka saba da shi wani Ba'amurke ne mai suna Douglas Engelbart ya ƙirƙiro shi. Na farkon da katako aka yi shi a 1964, aka nuna wa jama'a a 1968. Wayar da ke bayansa mai kama da wutsiya ita ta sa aka laƙaba masa sunan ɓera da Turanci. Abin mamaki, mai ƙwallon ya girme shi, don tun 1946 wani injiniya mai suna Ralph Benjamin ya ƙera irinsa domin aikin sojan ruwan Ingila.

Gyare-gyare biyu aka haɗa a linzamin da muke magana a kai. Na farko, an tayar da jikinsa tsaye, ta yadda za ki kama shi kamar kin riƙe kofin shayi, ƙasusuwan nan biyu ba su gitta juna sosai ba. Na biyu, ba a jan sa a kan tebur ko kaɗan. Yana zaune wuri ɗaya, ƙwallon da ke jikinsa kawai za ki murza da yatsa, kibiyar da ke fuskar kwamfuta ta bi. Masu shago sun san mai ƙwallon da sunan tirakbol, mai tsayen kuma batikal maus.

Ki lura da kyau, don kada a yi miki sayen biri a sama. Akwai mai tsaye marar ƙwallo, kamar MX Vertical na kamfanin Logitech da ya fito a 2018, da ƙaninsa Lift na 2022 wanda aka yi don ƙananan hannuwa. Dukansu an karkata su digiri 57, amma dole sai kin ja su a kan tebur. Akwai mai ƙwallo wanda bai tashi tsaye sosai ba, kamar M575 na 2020, da MX Ergo na 2017 wanda ake iya ɗaga shi digiri 20. Sai kuma wanda ya haɗa biyun, kamar Pro Fit Ergo Vertical na kamfanin Kensington, mai karkatar digiri 60 da ƙwallo a ƙarƙashin babban yatsa.

Wani alfanun da ya dace da gidajenmu shi ne mai ƙwallo ba ya neman fili. Wadda ba ta da tebur, a kan tabarma ko gefen gado take aiki, za ta iya aje shi kusa da cinyarta a kan littafi, ya yi aiki lafiya lau. Linzamin gama-gari kuwa ya hau zanin gado sai kibiya ta yi ta tsalle.

Ba Magani Ba Ne

A nan sai a yi hattara da zaƙin bakin masu talla. Kamfanin Logitech da kansa cewa ya yi MX Vertical yana rage wahalar naman hannu da kashi 10 cikin 100 idan an kwatanta da linzamin gama-gari. Sauƙi ne, amma ba waraka ba. Haka nan wani bincike da aka buga a mujallar Applied Ergonomics a 2015, a kan masu fama da matsewar jijiyar wuyan hannu, ya gano cewa linzami mai tsaye ya canza yadda wuyan hannu ke zama, amma bai rage matsin da ke cikin 'yar hanyar nan ba.

Ma'ana dai, wannan kayan aiki na rigakafi ne da rage gajiya. Idan yatsunki sun kai makonni suna mutuwa, ko ciwon yana tashe ki daga barci, ko kofi da cokali suna suɓuce miki, ko naman gindin babban yatsa ya fara motsewa, to asibiti ya kamata ki nufa kafin kasuwa. A fara da asibitin da ke kusa, idan ta kama su tura ki Asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi, inda za a duba sukari da sauran abubuwa. Jijiyar da ta daɗe a matse ba koyaushe take dawowa yadda take ba.

Mai Jego, Ki Karanta Nan Sau Biyu

Linzami mai tsaye da ƙwallo ya sauke wa wuyan hannu da kafaɗa nauyi, amma aikin bai ɓace ba, kan babban yatsa ya koma. Shi kuwa babban yatsan uwa yana da tasa lalurar. Akwai wani kumburin jijiyoyi biyu da ke bi ta gefen wuyan hannu, daidai gindin babban yatsa, wanda likitoci ke kira ciwon De Quervain, da sunan likitan ƙasar Suwizalan da ya bayyana shi a 1895. Ya fi yawa ga masu jego, saboda yawan ɗaga jariri ta hammata da babban yatsa a buɗe. Matse wanki da daɗewa ana latsa waya suna ƙara masa ƙarfi.

Ga yadda za ki samu haske. Ki lanƙwasa babban yatsa cikin tafi, ki dunƙule sauran yatsun a kansa, sai ki karkata hannun a hankali zuwa wajen ƙaramin yatsa. Ɗan ja kaɗan ba komai ba ne. Amma idan kin ji zafi mai tsanani ya harba a gindin babban yatsa, to kada ki sayi linzamin da ake murza ƙwallonsa da wannan yatsan, don fami za ki yi wa ciwo. Ki ga likita, sannan ki nemi ɗaya daga cikin biyu: ko mai tsaye marar ƙwallo, ko kuma mai babban ƙwallo a tsakiya wanda ake murzawa da manuniya da yatsan tsakiya, irin su Expert Mouse da Orbit na Kensington. Waɗannan biyun suna da wata fa'ida, ana iya amfani da su da dama ko da hagu, sai ki riƙa sauya hannu idan ɗaya ya gaji.

A taƙaice, inda ciwon yake shi zai zaɓa miki. Mai ciwon kafaɗa da wuya, mai ƙwallo ya fi mata, tunda hannu ba ya yawo. Mai tsami a tsakanin gwiwa da wuyan hannu, mai tsaye ya fi. Wadda ke da duka biyun, babban yatsanta kuma lafiya lau, ita ce ta dace da wanda ya haɗa tsayuwa da ƙwallo. Wadda kuma minti ashirin ko talatin kawai take yi a kwamfuta a rana, babu inda ke mata ciwo, ta riƙe kuɗinta, wanda take da shi ya wadatar.

Abubuwan Dubawa Kafin Ki Biya Kuɗi

Na farko, girman hannu. Manomi ba ya ɗaukar fartanya sai ya gwada ƙotar a hannunsa, ke ma ba kya sayen taɓaryar da ta fi ƙarfin riƙonki. Yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne da manyan hannuwa a zuciya. Ki auna da tef ɗin tela daga layin wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya, ki kwatanta da ma'aunin da masu ƙerawa kan bayar. Idan akwai hali ki riƙe shi kafin ki saya, ya fi. Babban yatsa ya kai tsakiyar ƙwallo ba tare da miƙewa ba, manuniya kuma ta sauka kan maɓalli a sake. Idan maigida ko ƙaninki ne zai sayo daga birni, ki ba shi awon a rubuce.

Na biyu, dama ko hagu. Akasarin masu ƙwallon babban yatsa na hannun dama ne kawai. Bahaguwa ta nemi masu ƙwallo a tsakiya, ko ta tambayi na hagu takamaimai, don kamfanin Elecom na Japan yana yin irinsa.

Na uku, wuta. Kowa ya san halin wutar lantarki a garuruwanmu. Mai waya ba ya neman komai, daga jikin kwamfuta yake shan wuta, ya kuma fi araha. Mai cin batirin AA, irin na tocila da rediyo, shi ma ya dace da mu, tunda ko a shagon unguwa za a samu, kuma yakan kai watanni bai ƙare ba. Mai caji yana da daɗi, sai dai ranar da batirin cikinsa ya mutu samun mai canza shi aiki ne.

Na huɗu, yadda yake haɗuwa da kwamfuta. Wani ta Bluetooth yake, wani ta ɗan mitsitsin abin da ake sokawa a ramin USB, wani kuma yana da duka biyun. Tsofaffin kwamfutocin tebur da yawa ba su da Bluetooth, don haka ki bincika taki tukuna. Ɗan abin sokawar nan kuwa ki kula da shi kamar ɗan kunnen gwal, idan ya ɓace wani linzamin ya tashi aiki ke nan.

Na biyar, santsin ƙwallo. Ki ɗan ture shi da yatsa, ya kamata ya juya sumul babu cijewa. Ki tabbatar akwai rami a ƙasa da ake turo shi waje don wankewa.

Ba kowane shago ne ke da shi ba. Ki fara tambaya a shagunan kayan kwamfuta na Birnin Kebbi da Sakkwato, idan babu a yi saƙo daga titin Beirut a Kano ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, ko a yi oda ta Jumia ko Konga. Kuɗinsa ya ninka na gama-gari sau da yawa, kuma akwai jabu, araha kuwa ba ta ado. Kafin a biya, a yi sharaɗi da mai kaya cewa za a iya mayarwa idan bai yi daidai da hannu ba. Idan na hannu ne, a gwada kowane maɓalli a gabansa.

Makon Farko

Ki sa a ranki cewa kwanakin farko za ki ji kamar rubutu da hagu. Kibiya za ta riƙa wuce inda kike nufi. Sabo yakan ɗauki mako ɗaya ko biyu, don haka kada ki fara da shi a daren da za ki miƙa sakamakon jarrabawa ko aikin makaranta. Ki fara da rabin sa'a a rana, tsohon linzamin yana gefe, kina ƙarawa sannu a hankali.

Ki rage saurin kibiya da farko. Yawancinsu suna da maɓallin da aka rubuta wa DPI, shi ke sauya saurin, ko kuma ki gyara daga saitin linzami na Windows. Idan jan abu daga wuri zuwa wuri yana ba ki wahala, a cikin saitin akwai ClickLock, wanda ke riƙe miki abin ba sai kin danne maɓalli ba. Kada ki damƙe linzamin kamar zai gudu, ɗora hannu kawai za ki yi.

Ki kuma rage masa aiki ta hanyar sabawa da madannan rubutu. Ctrl da C na kwafa, Ctrl da V na liƙawa, Ctrl da S na adanawa, Ctrl da Z na gyara kuskure, Tab kuma na tsallakawa daga gida zuwa gida idan kina shigar da maki. Wannan ba ya cin ko kwabo, amfaninsa kuwa a hannu ake ji.

Sai batun zama, wanda idan bai gyaru ba ko linzamin zinariya kika saya a banza. Gwiwar hannu ta kasance kusa da haƙarƙari, a lanƙwashe kamar kusurwar ɗaki, kafaɗa a sake, wuyan hannu a miƙe ba a danne a gefen tebur ba. Saman fuskar kwamfuta ya yi daidai da ido, nisanta kamar tsawon hannu. Mai aiki a ƙasa ta jingina bayanta da bango da matashi, ta ɗora kwamfutar a kan ɗan tebur ko kujerar tsuguno, kada ta duƙa a kanta kamar mai tsintar shinkafa. Duk bayan rabin sa'a ki miƙe, ki saki hannuwa, ki buɗe yatsu ki rufe, ki leƙa tukunya ki dawo. Kuma kada ki tashi daga daka ko babban wanki ki zauna kan kwamfuta kai tsaye, ki ba hannun ɗan lokaci ya huce.

Kula Da Shi A Gidan Yara Da Ƙura

A ƙarƙashin ƙwallon akwai 'yan ƙwayoyi uku masu kama da ƙwayar gero, a kansu yake juyawa. Nan ne ƙura da maiƙon hannu suke taruwa. Da hunturu, lokacin da ƙura ke shiga ko'ina, ki riƙa turo ƙwallon waje sau ɗaya ko biyu a mako, ki goge shi da ƙwayoyin da ƙyalle mai laushi busasshe. Kada ki sa masa man gyaɗa ko man keken ɗinki ko kananzir, ƙura za su ƙara jawowa. Idan kin shafa basilin ko kin taɓa miya, ki wanke hannu kafin ki kama shi. Idan kin gama aiki ki rufe shi da ƙyalle.

Da bazara, lokacin da zafin Kebbi kan haura digiri 40, kada a bar shi a rana ko a cikin mota. Idan za ki daɗe ba ki yi amfani da shi ba, ki cire batirin don kada ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen ciki.

Abu mafi muhimmanci ga uwa shi ne wannan: ƙwallon yana fita, yana da sheƙi da launi mai jan ido, yaro kuwa da ya gan shi baki zai kai. Na babban yatsa faɗinsa yakan kai milimita 34 ne kacal. A Amurka doka ta hana sa ƙwallon da bai kai kimanin milimita 44 ba a kayan wasan yara 'yan ƙasa da shekara 3, saboda yana iya toshe maƙogwaro. Don haka da linzamin, da batirinsa, da ɗan abin sokawar, duk a aje su sama ko a kulle a durowa.

Yaran da suka tasa kuma, masu shirin jarrabawar kwamfuta, kada ki yar da tsohon linzamin, ki bar musu shi su saba, domin irinsa za su tarar a cibiyoyin jarrabawa.

Daga Ƙarshe

'Yar uwa, mu mata mun saba da haɗiye ciwo, mu ce gajiya ce za ta wuce, har sai hannu ya kasa ɗaga tulu sannan hankali ya tashi. Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Ki fara da abin da ba ya buƙatar kuɗi, wato gyara zama da yawaita hutu. Ki gano takamaiman inda ciwon yake. Idan ya ƙi tafiya ki sanar da maigida a je asibiti. Bayan haka ne za ki zaɓi linzamin da ya yi daidai da hannunki, ba wanda kika gani a hannun ƙawa ba.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya sa albarka a sana'o'inmu da zuriyarmu.